Darasin Mako: Hoton Iyali Ba Na Ranar Salla Kaɗai Ba Ne



Mu da neman abinci ya kawo Legas, kowa ya buɗe wayarsa ya duba. Hotunan iyalinmu kusan duk na Salla ne, ko suna, ko biki: an jera yara cikin sabuwar shadda, an ce kowa ya tsaya cak. Su muke tura wa iyaye a Kano ko Katsina ko Maraɗi. Tsohuwa za ta ga jikanta ya sha kwalliya, amma ba ta san yadda yake riƙe allo ba, ba ta taɓa ganin tsakar gidan da yake wasa a Agege ba. Shi ma yaron, in ya girma, me zai gani na ƙuruciyarsa?

Akwai salon ɗaukar hoto na adana tarihi. Ƙa'idarsa ita ce ba a shirya mutane, ba a ce musu su yi murmushi. Ana ɗaukar rayuwa yadda aka tarar da ita. J.D. 'Okhai Ojeikere, mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar nan da ya rasu a Legas a 2014, ya fara ɗaukar hotunan kitson mata a 1968, har ya tara kusan dubu. Kitso kuwa abu ne da kowa ke gani kullum, ba wanda ya ɗauke shi tarihi. Yau hotunan nan suna gidajen adana kayan tarihi na duniya. Abin da muka raina yau, shi jikoki za su nema gobe.

To, yaya za mu yi?

Na ɗaya, mu ɗauki abin da aka saba: uwa tana yi wa 'yarta kitso, yara sun kewaye kwano guda, uba yana koya wa ɗansa alwala.

Na biyu, haske. Mu goge idon kyamara, mu kashe filasha, mu tsaya ta yadda hasken ƙofa ko taga zai sauka a fuskar yaro, ba a bayansa ba. Hasken safe da na bayan La'asar sun fi na tsakar rana laushi.

Na uku, mu durƙusa daidai tsayin yaro, mu yi haƙuri har ya manta da waya.

Na huɗu, ajiya. Waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. WhatsApp yana rage ingancin hoto, sai dai in an tura shi a matsayin fayil. Duk shekara mu zaɓi ko goma ne mu wanke su a takarda, mu rubuta suna da wuri da shekara a bayansu.

Sai iyaka. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin hoto, wanda ya zaɓi barinsa ba ma zarginsa. Amma mai ɗauka ya sani gida yana da sirri. Aya ta 58 ta Suratun Nur ta koya wa yara ma neman izini a lokuta uku: kafin Asuba, da lokacin hutun rana, da bayan Isha'i. Ina ga waya mai kai hoto duniya? Kada mu ɗauki yaro tsirara, ko ana hukunta shi. Mu nemi yardar uwargida da maƙwabta tukuna. Hoton da ke nuna kayan makarantar yaro ko ƙofar gidanmu, kada ya hau Facebook. Na dangi ne kawai.

Aikin wannan mako: hoto ɗaya na rana irin ta kullum, a tura wa kaka a gida.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sada mu da iyayenmu cikin alheri. Amin.