Ɗan Riƙo Mai Wuyar Sha'ani

A Ikara da Makarfi da Kudan, da wuya ka shiga babban gida ba ka tarar da ɗan riƙo ba. Wani maraya ne. Wani auren iyayensa ne ya mutu aka kai shi wurin kaka ko goggo. Wani kuwa almajiri ne a hannun malam.

Cikin yaran nan akwai wanda ya shekara 4 bakinsa bai buɗe ba. Akwai wanda ba ya iya zama wuri ɗaya. Ka aike shi sayen gishiri ya dawo hannu rabbana, ya manta saƙon. Akwai mai fitsarin kwance, akwai wanda ya shekara bai wanke allo ba. Sai a ce taurin kai ne, ko iska ta taɓa shi.

Sau da yawa matsalar a ƙwaƙwalwa take. Doguwar naƙuda, shawarar jarirai, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro mai sa jijjiga, da tamowa, duk suna iya barin tabo. Rabuwa da uwa ma ciwo ne. Yaron da aka yi ta sauya wa hannu yakan zama mai firgita ko saurin fushi.

Mariƙiya ba ta ga haihuwar yaron ba. Don haka ta nemi danginsa ta tambaya: ya yi kuka da aka haife shi? Idonsa ya yi rawaya? Yaushe ya fara tafiya? Wannan labarin likita zai fara nema.

Duka ba ya magani, mari a ƙafa ma haka. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, da yara a ciki, wasu a ɗaure. Da yawa danginsu ne suka kai su don a gyara musu hali. Abin da ban tausayi.

A fara da asibiti mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku asibitin koyarwa na Shika, ko na ƙwaƙwalwa da ke Barnawa. A gida kuwa, a riƙa ba yaron aiki ɗaya-ɗaya, in ya yi a yaba masa.

In kuwa farfaɗiya ce ke damun yaron, a sani ba a ɗaukarta, kuma tana da magani. In ta tashi, a janye yaro daga wuta da bakin rijiya, a kwantar da shi ta gefe, kada a sa masa cokali a baki.