Hatimi Uku Kafin Takarda Ta Ƙetare Teku

A aji mun karanta dokar kamfanoni ta 2020, na ci jarrabawarta da maki mai kyau. Amma ranar da kawuna ya kira ni daga Kurugu, sai na tarar duk abin da na haddace bai kai ni ko bakin ƙofa ba.

Kawu yana da ɗan kamfani mai rajista, yana sayar da taki da injinan ban ruwa ga masu noman rani a yankinmu na Ƙaraye da Rogo, musamman waɗanda ke cin albarkacin ruwan dam ɗin Challawa. Ya karɓi kafin alkalami daga manoma, ya haɗa da nasa jarin, ya tura wa wani kamfani a Guangzhou ta ƙasar Sin. Kaya suka iso rabi, waya kuma ta daina shiga. Wani ɗan Kano da ke zaune can ya samo masa lauya, lauya ya ce ba zai iya tsayawa gaban kotu da sunan kamfanin ba sai an aiko masa da shaidar rajista da takardar wakilci, ofishin jakadancin Sin a Najeriya ya tantance su. Kawu ya ce da ni, “Kai ne ɗan boko, ga takardu nan.” Manoma kuwa kullum suna zaure.

Dalilin wannan wahala shi ne, alƙali a Guangzhou bai san hatimin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ba, ba shi da hanyar gane na gaske da na jabu. Akwai yarjejeniyar Hague ta 1961 wadda ta sauƙaƙa abin: ƙasashen da ke cikinta, shaida guda daga ƙasar da takarda ta fito ta wadatar. Sin ta fara aiki da ita a Nuwamban 2023. Najeriya ba ta ciki, don haka mu sai mun bi doguwar hanya. Kowane ofis yana shaidar sa hannu da hatimin wanda ya gabace shi ne kawai. Babu mai duba ko abin da ka rubuta gaskiya ne, kuma babu mai gyara maka kuskure.

Aikin yana farawa daga CAC. Ba hoton takardar da ke cikin wayarka za ka kai ba, kwafin da hukumar ta shaida ake nema, wanda kowa ke kira CTC. Mu mun nemi na shaidar rajista, da kundin ƙa'idojin kamfani, da rahoton matsayin kamfani mai nuna daraktoci da masu hannun jari. A nan muka fara cin karo. Kawu bai taɓa shigar da rahoton shekara-shekara ba tun da ya yi rajista, shi a ganinsa da an ba ka satifiket shi ke nan. Shafin hukumar yana nuna kamfanin ba ya aiki. Sai da muka biya bashin shekarun da tararsu aka gyara. Ku da kuka buɗe ɗan kamfani kuna makaranta, ku leƙa shafin nan yau ɗin nan.

Takardar wakilci da ƙudurin daraktoci kuwa mu ne masu rubutawa, kuma a gaban notari ake sa musu hannu. Ba kowane lauya ne notari ba, Alƙalin Alƙalan Najeriya ne ke naɗa su, don haka ka tambaya kafin ka biya. Kar ka sa hannu tun daga gida. Mai sa hannun zai je da kansa da fasfonsa. Wannan notarin ne ya ceto mu, Allah Ya saka masa. Ya jera fasfon kawu da takardar CAC, ya nuna mana cewa a ɗaya an rubuta sunan da “u”, a ɗaya da “o”. A Kurugu kowa ya san mutum ɗaya ne. A wurin baƙon da bai taɓa jin sunan ba, mutum biyu ne. Muka je kotu aka yi rantsuwa a rubuce, aka haɗa ta cikin takardun.

Daga nan sai Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sashen shari'a. Kuɗin gwamnati ta Remita ake biya, ka riƙe rasit ɗinka da kyau. Za ka ga masu tare ka a bakin hanya suna cewa za su gama maka cikin awa ɗaya. Ni dai ban miƙa wa kowa takardar asali ba, kuma ban yi nadama ba.

Kuskuren da ya fi ƙona min rai nawa ne. Don gudun damina na kai takardar wakilcin aka yi mata lamineshin. Hatimi ba ya zama a kan leda. Haka na sake hawa jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa, na nemi mota zuwa Kano, aka sake ɗauko kawu ya sa hannu a sabuwa. Kada kuma ka cire ƙusar da notari ko ma'aikata suka haɗe shafuka da ita don yin kwafi, za a iya cewa an sauya shafi.

Ofishin jakadanci shi ne na ƙarshe, kuma kowace ƙasa da nata sharaɗin. Kafin ka kashe ko kwabo, ka sa wanda zai karɓi takardar a can ya rubuto maka abin da yake so dalla-dalla: waɗanne takardu, kwafi nawa, wa zai fassara, kuma a ina. Lauyanmu ya ce fassarar Sinanci a can za a yi ta, wurin mafassaran da kotu ta yarda da su. Da ban tambaya ba, da na biya kuɗin fassara a banza.

Na ɗauki hoton kowane shafi gaba da baya, na aika da takardun ta DHL. Lauya ya shigar da ƙara. Kawu ya sayar da masararsa ya mayar wa manoma huɗu kuɗinsu, sauran sun yarda su jira. Ni kuma na rasa laccoci na mako biyu, har yanzu ina kwafar littafin abokin ɗakina.