Kafin Ka Zura Tsohon Faifan Nan Cikin Kwamfuta

A gidaje da ofisoshi da yawa akwai kwali ko ƙasan durowa da aka jibge tsofaffin disket da faya-fayan CD, wasu an rubuta musu suna da biro, wasu ko alama babu. Ba a tunawa da su sai buƙata ta taso: ana neman kundin digirin da aka buga a 1999, ko hotunan bikin da mai hoto ya bayar a faifai, ko lissafin shagon mamaci ana shirin rabon gado. A ranar ce kuma aka fi yin ɓarna, domin mutum yana cikin zumuɗi, zai zura faifan ya danna duk abin da kwamfuta ta nuna masa.

Tsohon faifai yana iya karantuwa yau, gobe ya ƙi. Saboda haka kada ka ɓata karatun farko kana buɗe hotuna ɗaya bayan ɗaya kana tuna baya. Kwashe komai zuwa kwamfutarka tukuna, duk wani gyara ko bincike a yi shi a kan kwafin.

Mu fara da disket, ƙaramin nan mai inci 3.5 da ke ɗaukar megabayit 1.44. Kamfanin Sony ya daina yin sa tun 2011, amma har yanzu ana samun na'urar karanta shi mai igiyar USB a wajen masu sayar da kayan kwamfuta. Kafin ka saka shi, juya bayansa. A kusurwa akwai wani ɗan makulli na roba, tura shi har ramin ya buɗe ka hango haske ta ciki. Da zarar ramin yana buɗe, kwamfuta ba za ta iya rubuta komai a kansa ba, ko da hannunka ya kuskure. Daga nan ja murfin ƙarfen gefe, ka juya cibiyar da yatsa kana duba ledar da ke ciki. Idan ka ga fararen ɗigo-ɗigo, fumfuna ce, aikin raɓar damina. Kada ka saka irin wannan, domin zai shafe wa na'urar kai da datti, ita kuma ta karce duk disket ɗin da ya biyo baya. Ware shi gefe. Ita ma na'urar ka fara gwada ta da disket ɗin da ba ka damu da shi ba. Kuma kada ka ɗora kwalin a kan lasifika, maganaɗisun da ke cikinta yana iya lalata abin da ke kan disket.

Idan Windows ta ce sai an yi wa faifan "Format" kafin a yi amfani da shi, amsar ita ce a'a, ko sau nawa ta tambaya. Abin da take nufi kawai shi ne ta kasa gane tsarinsa. Wanda ya amsa mata da to, garin neman gira ya rasa ido.

Wanda ya san aikin ba ya kwafar fayil-fayil, yakan ɗauki hoton faifan ne gaba ɗaya, daga farkonsa zuwa ƙarshe, ya zama fayil guda. A Windows, WinImage tana yin wannan ga disket, IsoBuster kuma ga CD. Ni dai na fi yarda da ddrescue ta Linux, kyauta ce, kuma dabararta ta dace da faifai mai ciwo: takan kwashe wuraren da ke da lafiya da sauri, sannan ta dawo kan masu gardama, tana ajiye taswirar inda ta tsaya. Ko an ɗauke wuta, daga nan za ta ci gaba. Idan hoton ya samu amma fayilolin ba su bayyana ba, sai a bi ta kansa da manhajar PhotoRec.

Na'urar USB ɗin nan tana da iyaka. Ba ta karɓar babban disket mai inci 5.25, ba ta kuma karanta na tsofaffin Macintosh masu kilobayit 800. Waɗannan sai da tsohuwar na'ura haɗe da wani ɗan allo irin Greaseweazle, aikin masana ne. Faifan Zip na kamfanin Iomega mai megabayit 100 shi ma sai na'urarsa ta musamman, idan kuwa ka ji tana ƙas-ƙas-ƙas ba ƙaƙƙautawa, cire faifan, kada ka ba ta wani.

A CD kuwa mutane sun fi tsoron karce a ƙasa, alhali saman ne ke da haɗari. Bayanan suna dab da fuskar da ake rubutu a kai, siririn fenti ne kawai ya rufe su. Ɗaga faifan ka kalli fitila ta cikinsa: inda haske ya ratso, abin da ke wurin ya tafi. Kada ka ɓamɓare takardar da aka manna a sama, za ta taho da shimfiɗar da ke ɗauke da bayanan. Ƙasan kuwa a goge shi da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a kewaye ba. Idan wata na'ura ta ƙi shi, gwada wata, domin ba ƙarfinsu ɗaya ba. Faifan da aka ɗora wa abu a shago ya fi na kamfani saurin lalacewa, tunda launi ne ke riƙe da bayanan, zafi da hasken rana kuma suna cinye shi. Wanda ya yi shekaru a ɗakin kwano a Sakkwato ko Maiduguri, da shi za ka fara.

Kwashewa rabin aiki ce, saura buɗewa. LibreOffice tana buɗe tsofaffin takardun Word da WordPerfect da Works. Na PageMaker da CorelDRAW, waɗanda masu ɗab'i suka yi ta aiki da su, sukan buƙaci tsohuwar manhajar da ta yi su. Marubutan Hausa kuma suna da tasu matsalar. A shekarun 1990 haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, ba sa cikin rubutun da kwamfuta ke zuwa da shi, sai aka riƙa ƙera salon haruffa na musamman, ana aron gurbin wata alama a ɗora su a kai. Idan ka buɗe irin wannan takarda a kwamfutar da ba ta da salon, za ka ga baƙuwar alama ta tsaya a duk inda ƙ take. Rubutun bai lalace ba. Gano alamar da ke wakiltar kowane harafi, babba da ƙarami, ka musanya su gaba ɗaya da na yanzu, sannan ka karanta shafi biyu ko uku ka tabbatar ba ka taɓa alamar da take ta gaskiya ba. Idan ka ga fayil ɗin salon a cikin disket ɗin, kwashe har da shi.

A bi kwafin da manhajar kashe bairos kafin a buɗe, disket ɗin da ya zaga shagunan buga takardu da wuya ya dawo shi kaɗai. In kuma wani za ka kai wa aikin, zauna a yi a gabanka, musamman idan akwai hotunan iyali ko takardun fili. Ka faɗa masa tun farko ba gyara kake so ba, kwafi kake so, ka kuma karɓo faifanka.

Abin da ka ceto ka ajiye shi wuri uku: a kwamfuta, a wani hadis na waje, da kuma intanet ko gidan ɗan'uwa. Filashi guda a aljihu ba ma'ajiya ba ce. Takardu masu muhimmanci ka yi musu kwafin PDF, tare da barin na asali yadda yake. Tsofaffin faya-fayan ma kada ka zubar, har waɗanda suka ƙi karantuwa, domin wanda ya fi ka kayan aiki yana iya ciro abin da ya gagare ka. Rubuta wa kowanne lamba, ka sa su a wuri mai sanyi marar danshi.