Koyon Jita Daga Tushe: Ka Tafi Da Saurinka, Kada Ka Ari Na Wani

Da 'yan kuɗin da na tara lokacin SIWES na sayi jitata, ta hannu ce, har da ɗan tsagu a gefe. Wata biyu na yi ina fama da ita, sannan na cusa ta ƙarƙashin gado a hostal, ta yi wata biyar tana shan ƙura. Ba ciwon yatsu ne ya kore ni ba. Abokin ɗakina ne, wanda tun yana firamare yake kaɗa jita. Duk abin da na kwana uku ina nema, shi sai ya karɓa ya yi shi yana hira. Na ce a raina wannan abu baiwa ce, ni kuwa ba a ba ni ba. Ranar da na yi niyyar sayar da ita, shi ne ya ce min, "Malam, shekara goma sha biyu fa na ba ka. Wanda ya riga ka barci ai dole ya riga ka tashi." Na fasa sayarwa. Abin da zan kawo a nan shi ne abin da na so a ce wani ya gaya min tun ranar farko. Da "kai" zan yi magana, amma 'yan'uwa mata, har da ku nake.

Fara sanin kayan aikinka

Jita tana da tsirkiya 6. Ana ƙirga su daga ƙasa: siririyar da ke kusa da cinyarka ita ce ta 1, mai kaurin da ke sama ita ce ta 6. Daga mai kauri zuwa siririya, sunayen sautinsu E, A, D, G, B, E. Haddace wannan kafin komai.

A jikin wuyan jita akwai 'yan ƙarafa da aka gitta. Filin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe shi zan riƙa kira gida. 'Yan injiniya za su ji daɗin wannan: idan ka danne tsirkiya ka rage tsawonta ne, shi ya sa sautin ke tashi. Tsirkiya ta 5 tana karkarwa sau 110 a daƙiƙa idan ba a danne ta ba. Ka danne ta a gida na 12, ka raba tsawonta biyu, karkarwar ta koma 220. Kowane gida ɗaya yana ƙara kusan kashi 6 cikin ɗari a kan na bayansa. Lissafi ne, babu tsafi a ciki.

In saye za ka yi, ka sani akwai mai tsirkiyar roba da mai ta ƙarfe. Ta roba ta fi taushi a yatsa amma wuyanta ya fi faɗi. Ta ƙarfe ta fi ƙara, ta kuma fi cizo. Kafin ka biya kuɗi, duba tazarar tsirkiya da ƙarfen gida na 12. A mai tsirkiyar ƙarfe, in ta zarce milimita 3 sosai, wahala za ka saya. Ka tafi da wanda ya iya, ya gwada maka.

Saiti kafin kiɗa

Jitar da ba a saita ba, ko gwani ya kaɗa ta ba za ta yi daɗi ba, kai kuma sai ka ɗauka laifinka ne. Akwai manhajojin saiti kyauta a waya. Amma ka koyi yi da kunne, don ranar da caji ya ƙare. Danne tsirkiya ta 6 a gida na 5, sautinta ya zama ɗaya da ta 5 a sake. Haka za ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wuri ɗaya ne ya bambanta: tsirkiya ta 3 a gida na 4 ake danne ta don a saita ta 2. Murɗa makunnin a hankali. Na taɓa tsinka tsirkiya ta 1 saboda ina murɗa wani makunni ina sauraren wata tsirkiyar.

Yadda ake dannawa

Yanke farcen hannun da kake dannawa da shi. Da kan yatsa ake dannawa, ba da tafinsa ba, kuma dab da bayan ƙarfen, ba a kansa ba. Babban yatsa ya zauna a bayan wuyan jita. Kada ka matse kamar mai shaƙe kaza, ƙarfin da zai sa sautin ya fita tas ya isa. Makonnin farko yatsu za su yi zafi, daga baya su yi kanta, zafin ya tafi. Amma in ciwon a wuyan hannu kake jinsa ko a gwiwar hannu, ajiye jitar ka gyara zamanka. Wannan ba ciwon da ake daurewa ba ne.

Kod uku da ke bin juna

Kod shi ne sautuka da yawa da ake kaɗawa tare. Ni kuskuren da na yi shi ne na faɗa wa F tun mako na biyu, wanda yatsa ɗaya ke kwanciya a kan tsirkiyoyi duka. Bar shi tukuna. Ga inda ya kamata ka fara.

Na farko Em. Yatsan tsakiya a tsirkiya ta 5 gida na 2, yatsan zobe a tsirkiya ta 4 gida na 2. Kaɗa duka shida.

Na biyu Am. Sauko da waɗannan yatsu biyu tsirkiya ɗaya ɗaya, wato ta 4 da ta 3, duk a gida na 2. Sai ka ƙara manuniya a tsirkiya ta 2 gida na 1. Kada ka taɓa ta 6.

Na uku C. Daga Am yatsa ɗaya kawai zai motsa: ɗauke yatsan zobe ka kai shi tsirkiya ta 5 gida na 3. Sauran biyun su zauna inda suke.

Ka ga kowanne daga jikin na gabansa ya fito. Idan waɗannan sun zauna, sai ka ƙara G da D. Da waɗannan biyar ɗin za ka iya raka waƙoƙi masu yawan gaske.

Duk kod ɗin da ka kama, bi tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya ka saurara. Wadda ta yi shiru ko take zuzu, ko dai wani yatsa na taɓa ta, ko ka yi nisa da ƙarfen. Gyara wannan yatsan kaɗai, ka sake.

Minti 20 a rana

Minti 20 kullum ya fi awa uku ranar Asabar, domin hannu da maimaici yake haddacewa, kuma yatsun sabon shiga ba za su jure awa uku ba. Ga yadda nake raba nawa. Minti 2 saiti. Minti 5 motsa yatsu: gida na 1, 2, 3, 4, kowane gida da yatsansa, a kowace tsirkiya. Minti 5 sauya kod. Minti 8 waƙar da nake so, ko da rabinta na iya.

Wajen sauya kod, ɗauki biyu, misali Em da Am, ka sa agogon waya na minti ɗaya, ka ƙirga sau nawa ka sauya. Rubuta a bayan littafin lakca. Ni da 9 na fara. Bayan wata guda na ga 31 a takardar, alhali a kunnena ji nake ban gusa ba. Tun daga ranar na daina auna kaina da abokin ɗakina, na koma auna kaina da wannan takarda.

Hannun kaɗi kuma, sa manhajar bugun lokaci a 60, wato bugu ɗaya a daƙiƙa. Ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, kana kaɗawa ƙasa a kowane bugu. Ko kod bai gama zama ba, kada hannun ya tsaya. Mai sauraro zai yafe maka sautin da ya goce, amma kiɗan da ke tsayawa yana tashi ba ya sauraruwa. Sai ka yi shi sau uku a jere ba kuskure sannan ka ƙara sauri da 5.

Kiɗan da kunnenmu ya saba da shi

Yawancin kiɗan yankinmu na Sahel a kan sautuka biyar yake tafiya. A jita, gwada wannan: tsirkiya ta 6, gida na 5 da na 8. Ta 5, ta 4 da ta 3, gida na 5 da na 7. Ta 2 da ta 1, gida na 5 da na 8. Hau ka sauko a hankali. Ranar da na fara yinsa sai na ji kamar garaya ce a hannuna.

Kuma kada kayan aiki su zame maka uzuri. Mdou Moctar na Nijar da kansa ya ƙera jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, bahago ne kuma, yau ga shi yana zagaya Turai da Amurka da kiɗa. Django Reinhardt ya ƙone a gobara a 1928, yatsu biyu na hannun hagunsa suka nakasa, ya sake koyo da sauran biyun har ya zama gwanin da ake kwatance da shi a Faransa. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak ya yi suna. Kai kana da shida.

Jita a hostal

Ga abin da bidiyon intanet ba zai gaya maka ba. Iskar hunturu tana busar da katako har ya tsage, don haka ajiye jita a jakarta, nesa da taga da rana. Goge tsirkiyoyi da ƙyalle bayan ka gama, gumi ne ke sa su tsatsa.

Sai haƙƙin maƙwabta. Mai karatun tes bai damu da Am ɗinka ba. In dare ya yi, tura safa ƙarƙashin tsirkiyoyi ta can gindinsu, ƙarar za ta mutu amma yatsu su ci gaba da aiki. Ko ka fita gindin bishiya bayan La'asar.

Lokacin jarrabawa kuwa, rage zuwa minti 5, ko ka ajiye gaba ɗaya. Difloma aka turo mu nema, kuma babu jitar da za ta goge maka kwas ɗin da ka faɗi. Na ajiye tawa mako uku a semestar da ta wuce. Da na dawo kantar ta ragu, amma cikin kwana huɗu hannun ya tuna komai.

A gida ma na sha tambaya. Da na je hutu da ita, Baba ya dube ni ya ce, "Roƙo za ka fara?" Ban yi musu ba, sakamakon jarrabawata na miƙa masa. Bai ce ya yarda ba, amma bai sake maganar ba.

Yanzu ina ajin ƙarshe, furojet ya sha min kai, kuma har yau F ɗina wani lokaci yana zuzu. Amma makon jiya na raka abokin ɗakina waƙa guda daga farko har ƙarshe ban tsaya ba. In taka jitar tana ƙarƙashin gado, ciro ta yau da yamma, ka saita ta, ka kama Em, ka sa agogo na minti ɗaya, ka rubuta lambar da ka samu.