Zaɓen Motar da Za Ta Gaji Tsohuwa

Mota ba ta mutuwa rana ɗaya, tun da nisa take ba da sanarwa. Baƙin mai ya riƙa raguwa kafin lokacin juye ya yi. Da safe sai yaran unguwa sun tura. Ana hawa tudu ruwan lagireto ya tafasa. Yau an gyara birki, jibi giya ta ƙi shiga. Idan ya zama ba a yin mako biyu ba ka je garejin bakanike ba, kuma iyalinka sun fara fargabar tafiya mai nisa a cikinta, to lokacin sauyi ya yi. Gara ka sayar da ita tana tafiya da ƙafarta, domin motar da aka jingine a ƙofar gida kuɗin ƙarfe kawai ake taya ta.

Wannan darasi na magidanci ne a Bebeji ko Kiru ko Tudun Wada ko Doguwa, wanda yake son mota mai kuzari, mai kyan gani, wadda za ta ɗauki mutum huɗu cikin walwala, da wurin kaya a baya. Son mota mai zafi ba laifi ba ne. Wanda ya sha wahalar tsohuwa yana da haƙƙin ya ji daɗin tuƙi. Sai dai kafin ido ya zaɓa, akwai biyu da ya kamata a fara tambaya: hanyar da za ka bi, da bakaniken da zai gyara.

Fara da hanya

Hanyoyinmu iri uku ne. Akwai babban titin Kano zuwa Zariya, wanda ya bi ta Kafin Maiyaki da Kwanar Ɗangora. Akwai hanyar da ta yi kudu ta ratsa Tudun Wada, ta shiga dajin Falgore, ta bi ƙasar Doguwa zuwa Saminaka da Jos. Sannan akwai hanyoyin burji da na gona, waɗanda da damina suke komawa laka da zaizaya. Kowace mota za ta yi kyau a kan ta farko. Ta uku ce take tona asiri.

Saboda haka, kafin ka leƙa cikin mota, durƙusa ka leƙa ƙarƙashinta. Dubi tazarar da ke tsakanin cikinta da ƙasa. Motar gayu takan kwanta ƙasa-ƙasa, don haka ta fi riƙe kwalta idan an sha kwana. Amma a hanyar ƙauye wannan kwanciyar ita ce take sa dutse ya fasa kaskon baƙin mai, ko ya tsinke salansa. Mutumin Riruwai, inda duwatsu suka yi yawa, shi ya fi kowa buƙatar lura da wannan. Haka kuma ka guji manyan wili masu siririyar taya. Suna da ban sha'awa a birni, amma rami ɗaya yana iya fasa tayar ya lanƙwasa wilin tare. Taya mai kauri ita take shanye dukan hanya.

Iyayenmu sun san wannan. Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, a kamfanin da ya fara aiki a 1975, ta daɗe a hannun mutane ne domin tana da tsayi, ƙafafunta na da laushi a gargada, kuma kowane gari akwai mai gyaranta.

Mene ne kuzari?

Gudu daban, kuzari daban. Doka ta ƙayyade wa ƙaramar mota ta gida kilomita 100 a awa a kan tagwayen titi, 80 a kan sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari. Kusan kowace mota lafiyayya tana iya wannan. Abin da kake buƙata shi ne mota mai amsawa: ka biyo bayan tirela a hanyar Falgore, ka hango gaba ba kowa, ka taka totur, ta wuce nan take ka koma hannunka. Motar da take jan jiki a gefen tirela ita ce mai haɗari. Bayan amsawa sai birki mai kamawa da sitiyarin da ba ya rawa.

Injin mai silinda huɗu, mai girman lita 1.8 zuwa 2.4, ya isa wannan aiki. Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008 lita 1.8 ce. Ba ta da hayaniya, tana da juriya, ba ta cin mai. Pontiac Vibe da Toyota Matrix injinsu irin na Corolla ne, amma bayansu ɗagagge ne, kujerun baya suna kwantawa, wurin kaya ya ƙaru. A ganina, ga mai noma da ke son mota ɗaya ta yi masa zumunci ta yi masa kasuwa, waɗannan biyu sun cancanci a fara duba su. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda samari suke kira EOD da DC, injinta lita 2.4 ne, ta fi su zafi da daɗin tuƙi, amma ta fi su kwanciya ƙasa, kuma masu gyara kullum suna gargaɗi a riƙa duba haɗin ƙafarta ta gaba, kada a jira sai ta yi ƙara. Camry mai lita 2.4 ta fi faɗi da laushi. Golf da Peugeot 406 ma suna nan, mun saba da su a tasha, amma yawancinsu sun tsufa, kuma da yawa sun sha haya kafin a yi musu sabon fenti.

Mai silinda shida, wadda ake rubuta V6 a bayanta, ta fi duk waɗannan tashi. Ita ma ta fi su shan mai. Mota mai ƙofa biyu kuwa, ko da an ce kujera huɗu gare ta, ka yi tunanin mahaifiyarka tana sunkuyawa don shiga baya, ko uwargida da goyo. A nemi mai ƙofa huɗu.

Kada a manta da nauyi. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takarda da aka rubuta iyakar abin da mota za ta ɗauka. A irin waɗannan motoci wajen kilo 400 ne, har da mutane. Manya huɗu, kowa kilo 70, sun cinye 280. Saura 120, wato babban buhun masara ɗaya da 'yan jakunkuna. Wanda aikinsa kai amfanin gona kasuwa ne duk mako, a-kori-kura yake buƙata, kada ya kashe motar iyali.

Lissafin mai

Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur. Kafin ranar farashin gwamnati bai kai naira 200 a lita ba. Kafin ƙarshen 2024 ya haura naira 1,000. Tun daga nan cin man mota ya zama abin da ake lissafawa kafin ciniki.

Ga misali, ɗauki biro ka bi. A ce tafiyarka, zuwa da dawowa, kilomita 240 ce. Mota ta farko tana yin kilomita 12 da lita ɗaya. Raba 240 gida 12, ka sami lita 20. Ta biyu tana yin kilomita 8 da lita. Raba 240 gida 8, ka sami lita 30. Bambanci lita 10. Idan lita naira 900 ce, naira 9,000 ke nan a tafiya ɗaya. Idan sau huɗu kake tafiyar a wata, naira 36,000. Wannan kuɗin takin zamani ne ko kuɗin makarantar yaro.

Kana iya auna kowace mota da kanka. Cika tanki, rubuta lambar da ke agogon tafiya. Yi zirga-zirgarka, ka sake cikawa, ka rubuta lita nawa ta sha da kilomita nawa ka yi, sai ka raba. Lura, motocin da suka fito daga Amurka da mil suke ƙirga. Mil 1 kilomita 1.6 ne, don haka mil 100,000 kilomita 160,000 ne.

Tambayi bakanikenka tun kafin ka saya

Tambayar ita ce: idan ta tsaya mini a Doguwa, ka san cikinta? Ana samun kayanta a nan, ko sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, ko can ma sai an jira daga Legas? Motar da ba a saba da ita ba takan yi araha wajen saye, kuma araha ba ta ado. Wata ƙaramar na'ura za ta lalace, mota ta yi wata guda a ƙarƙashin bishiya. Ka zagaya tashar garinku da garejin da ke kusa, irin motar da ka fi gani ita ce wadda kayanta suke kusa da kai.

Ranar dubawa

Kada ka je kai kaɗai, kuma kada ka je da dare ko ana ruwa, domin a lokacin kowane fenti sheƙi yake yi. Tafi da bakaniken da kai za ka biya, ba wanda dillali ya kawo ba.

Za ka ji dillali ya ce, "Alhaji, wannan ba a wahalar da ita ba. Mace ce ke hawanta, daga gida sai wurin aiki."

Bakanike mai hankali zai ɗora tafin hannu a kan bonet. Idan ya ji ɗumi sai ya ce, "Yallaɓai, an riga an tayar da ita. A bar ta ta kwana, gobe da sassafe mu tayar da kanmu."

Dalili shi ne injin da ya yi sanyi ba ya ɓoye ciwo. Tsaya a baya ka kalli salansa lokacin da aka murza makulli. Hayaƙi shuɗi, injin yana ƙona baƙin mai. Baƙi, fetur yana zuba fiye da kima. Fari mai kauri da ba ya yankewa bayan mota ta yi zafi, ruwa yana shiga inda bai kamata ba. Buɗe murfin baƙin mai ka juya shi. Idan ka ga wani kauri fari-fari ya manne kamar kindirmo, wannan alamar ruwa ya haɗu da mai ce, kuma gyaran ba ƙarami ba ne.

Shiga ciki ka murza makulli rabi, ba tare da ka tayar ba. Fitilun gargaɗi su kama duka, har da mai hoton inji da na jakar iska, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an cire ƙwanta ne don kada ta yi magana. Ɗaga kafet ka taɓa ƙasa, ka shinshina. Busasshiyar laka a ƙarƙashin kujera, da tsatsa a kusoshi, da warin danshi, suna nuna motar ta taɓa nutsewa a ambaliya, kuma irin wannan wayarinta ba ya daina ba da wahala. Dubi tsagin ƙofofi da bonet: idan wani gefe ya fi wani faɗi, an taɓa buga ta an miƙe.

Sai gwaji. Kada ka tsaya a kwalta mai santsi. Nemi gargada ka saurari ƙafafu. Nemi tudu ka ji ko giya tana shiga ba fizga. A miƙaƙƙiyar hanya marar mutane taka birki da ƙarfi, ka ga ko za ta ja gefe.

A nan karatu yake biyan mai shi

A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2321, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa tana gargaɗin a daina amfani da taya bayan shekara huɗu da yin ta, ko da zanenta bai cinye ba. Zafin kwaltar bazara ba ya raga wa tsohuwar roba. Idan duk huɗun sun wuce lokaci, cire kuɗin sababbi daga abin da za ka taya.

Sai lambar shasi. Haruffa da lambobi 17 ne, kuma babu I, babu O, babu Q a cikinsu. Tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, tana kuma jikin ginshiƙin ƙofa. A motocin Amurka, na 10 a jerin shi yake faɗin shekarar mota: 3 na nufin 2003, 7 na nufin 2007, A na nufin 2010, B 2011. Idan an ce maka ta 2008 ce, ka ƙirga ka ga 4, an sauya mata fitilu da bamba ne kawai. Karanta lambar ɗaya bayan ɗaya, ka gwada da wadda ke takardu. Harafi ɗaya ya saɓa, ka riƙe kuɗinka.

Takardu

Ko 'yar Kwatano ce da ba a taɓa hawa a nan ba, ko ta hannu ce, nemi takardar biyan kuɗin kwastan ta asali. A farkon 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, kuma motar da ba ta da shaidar biyan fito ana iya kama ta a hanya ko bayan ta wuce hannu uku. Kada ka sayi wadda aka mayar da sitiyarinta daga dama zuwa hagu. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma sauya wa sitiyari gefe a gareji yakan bar rauni a sitiyari da birki.

Idan ta hannu ce, ka ga mai ita ido da ido, sunan da ke katin shaidarsa ya dace da na takardun mota. A rubuta yarjejeniyar ciniki da kwanan wata, da lambar mota, da lambar shasi, da ta inji, da kuɗin da aka biya, shaidu biyu su sa hannu. A yanke la'adar dillali tun farko, a san wanda zai biya. Biya ta banki ya fi, domin shaida tana zama. Daga nan ka je ofishin lasin a mayar da takardu sunanka, ka yi inshora a kamfani mai rajista, ba ta bakin titi ba. Tun Janairun 2023 mafi ƙarancin inshorar ƙaramar mota naira 15,000 ne a shekara, kuma tana biyan ɓarnar da ka yi wa dukiyar wani har naira miliyan 3.

Haka za ka yi wa tsohuwarka idan ka sayar. Faɗa wa mai saye ciwonta tsakani da Allah, ku rubuta takarda, ka ajiye kwafi, ka tabbata ya sauya suna, don kada a yi ɓarna da ita a zo ana neman ka. Kuma kada ka zuba duk abin da ke hannunka a ciniki. Ware wani abu na makon farko: juyen baƙin mai da matata, man giya, takalmin birki, da bel ɗin inji idan irin mai bel ce, kamar Golf da 406, domin idan ya tsinke ana tafiya yana iya lalata kan inji.