Darasi: zuma kusa da gida da turken bisashe



In bazara ta kama, tabkuna suka ƙahe, ba bisashe kaɗai ke neman ruwa ba. Ƙudan zuma ma na nema, don da ruwa suke sanyaya gidansu. Shi ya sa kuke ganinsu bakin rijiya da bisa komin ban ruwa. Waɗannan masu ɗibar ruwa ba faɗa ya kawo su ba. In sun dame ku, ku aje musu tsohon kasko da ruwa can gehe, ku jefa karare ciki don su samu wurin sauka.

Zumar da ke kashe bisa daban ce, kuma ya kamata kowa ya san bambancin.

Wani lokaci za a wayi gari a ga zuma ta yi dunƙule, tana reto bisa reshen icce. Wannan baƙuwa ce bisa hanya. Uwarsu, wadda wasu ke kira sarki alhali tamace ce, tana tsakiyar dunƙulen, wasu kuma sun tahi neman mazauni. Ba ta da saƙa, ba ta da ƴaƴan da za ta kare, don haka ba ta cika faɗa ba. Galibi cikin kwana 1 zuwa 3 za ta tashi. A hana yara jifa, a kau da bisashe daga gindin iccen. Shi ke nan.

Amma in kuka ga suna shiga suna hita rami guda, ko kogon kuka ne, ko gawo, ko tsohon suri, ko ƙarƙashin rumbu, to wannan ta zauna. Tana da saƙa da ƴaƴa, kuma ƙudan da ke ciki dubbai ne. Motsi mai ƙarhi na tada ta: saran icce, injin niƙa, jakin da ke susa jikin iccen. Warin zufa da baƙin launi ma na jawo ta.

Mi ya sa harbi guda ke zama ɗari? In ƙuda ya yi harbi, ƙarin na maƙalewa cikin fata, shi kuma ya mutu. Amma ƙarin nan na hidda wani wari mai kiran sauran su zo su harbi wuri guda. Bisar da ke sake sai ta sheƙa da gudu ta tsira. Wadda ke ɗaure ga turke ko cikin dabaibayi ba ta da wurin zuwa: tana shure-shure, zuma na ƙaruwa. Doki da jaki sun hi shiga haɗari, saboda ta hanci kaɗai suke lumfashi, ba su iya yi ta baki. In hancin ya kumbura ya toshe, an yi hasara. Maruƙa, ƴan awaki da kajin da ke ruhe cikin akurki su ma ba su jimrewa. Mu dai a ganinmu, duk mai ɗaure bisa inuwar icce bai ɗaga kai ya dubi kogo ba, caca yake da dukiyarshi.

In abin ya faru fa? A shigar da yara da tsohi ɗaka, a ruhe ƙofa. Mutum guda ya lulluɓe kai da huska da bargo ko buhu, ya je ya yanke igiya. Kar ya tsaya kwance ƙulli. Shi ma ya gudu, kar ya tsaya kaɗa hannu, don zuma na iya bin mutum hiye da metir 200. Faɗawa cikin ruwa ba dabara ba ce, tana jira bisa kai.

Daga baya a kankare ƙarin da farce ko bayan wuƙa, da sauri, don muddin yana cikin fata dahi na ci gaba da shiga. A zuba ma bisa ruwan sanyi, a sa ta inuwa, a ba ta ruwan sha. In huska ta kumbura, ko lumfashi na wuya, ko hitsari ya yi ja ko baƙi, a kira likitan bisashe nan take. Ga mutum kuwa, wani harbi guda ya ishe shi. In maƙogwaro ya kumbura, ko jiri ya ɗebe shi, ko lumfashi ya sarƙe, a kai shi gidan likita ba jira, akwai allurar da ake yi.

Batun hidda zumar da ta zauna, aikin masu amya ne, irin waɗanda aka sani wajen Gaya da Magariya, kuma kusan kowace karkara ba a rasa mai sana'ar. Da dare ake yi, bayan an kau da bisashe nesa an gaya ma maƙwabta. Hayaƙin busasshen kashin shanu ya isa, yana danne warin nan mai kiran faɗa. Kar a cinna ma kogo wuta: icce ya mutu, kuma tartsatsi guda na iya cinye ciyawar da kuke jira da ita rani. Kar kuma a hesa maganin ƙwarin wake, don zumar da ta rage ciki za ta zama guba ga yaran da za su lasa. In an gama a kwashe saƙar duka, a liƙe ramin da laka, in ba haka ba ƙamshin kaki zai kira wata.

Shi kuwa babban ƙwaron nan baƙi mai gunji, mai huda azara da itacen rumfa, ku bar shi. Ba ya taron dangi. Namijin ba ya da ƙari sam, tamatar kuma sai an kama ta da hannu take harbi.