Jinyar ɗan agwagwa a Zongon Kumasi

1. Zongon Kumasi

Kumasi babban gari ne a ƙasar Gana. Tsakaninsa da Akkara, babban birnin ƙasar, kilomita kusan 250 ne. Nan ne fadar Sarkin Asante take. Mutanen Asante su ne Hausawan dā suke kira Tonawa.

Tun zamanin kakanni, fatake Hausawa sukan taso da jakunansu daga Kano da Katsina da Sakkwato, su je kasuwar Salaga su sayo goro. A shekarar 1892 aka yi yaƙin basasa a Salaga, kasuwar ta watse. A 1896 Turawan Ingila suka shiga Kumasi. Bayan haka fatake da yawa suka gangara kudu, suka sauka a Kumasi, suka gina gidaje. Wurin da suka zauna shi ake kira Zongo, wato zango, masaukin matafiya.

A Zongon Kumasi akwai unguwanni kamar Aboabo da Asawase da Sabon Zongo. Ƙabilu iri-iri ne suke zaune a can, amma da Hausa suke ciniki da hira. Gidaje a cushe suke, babu filin noma. Saboda haka mata sukan yi kiwon kaji da awaki da agwagi a tsakar gida. Damina biyu ake yi a Kumasi kowace shekara. Ruwa ba ya wuya, agwagi kuwa suna son haka.

2. Agwagwa

Agwagwar da aka fi kiwo a Afirka ta Yamma ita ce mai jan tsiro a fuska. Asalinta daga Amurka ta Tsakiya da Amurka ta Kudu ne. Namijinta ana kiransa toro, ya kuma fi macen girma sosai.

Kaza takan yi kwana 21 tana kwanci kafin ta ƙyanƙyashe. Wannan agwagwa kuwa sai ta yi kwana 35. Dinya, wadda ta fi agwagwa girma da dogon wuya, takan yi kamar wata ɗaya.

Tsakanin yatsun agwagwa akwai fata. Da ita take tura ruwa idan tana iyo. A cikin ruwa agwagwa gwana ce, amma a tudu tafiyarta da rangaji. Jikinta yana da nauyi, ƙafafunta gajeru ne. Ɗan agwagwa kuma yana girma da sauri ƙwarai. Shi ya sa ciwon ƙafa yake yawan kama ƴaƴan agwagi da na dinya.

3. Wanda ya kasa tsayuwa

Ga labarin wani gida a unguwar Aboabo. A gidan akwai wata tsohuwa mai sayar da koko da ƙosai. Tana kiwon agwagi da dusar geron da take surfawa. Idan salla ko Kirsimeti ta matso, sai ta sayar da manyan, ta saya wa jikokinta littattafai da takalman makaranta.

Wata rana cikin damina agwagwarta ta ƙyanƙyashe ƴaƴa goma sha biyu. Da dare aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, tsakar gida ta cika. Tsohuwa ta kwashe ƴaƴan, ta zuba su cikin wata babbar robar wanki, ta kai ɗaki. Kwana biyu suka yi a ciki.

A rana ta uku aka fito da su. Goma sha ɗaya suka ruga wajen uwarsu. Ɗaya ya kasa tashi. Ƙafafunsa sun baje, ɗaya ta yi dama, ɗaya ta yi hagu. Yana jan ƙirji a ƙasa, yana kuka.

Babban jikan ya ce: «Wannan ba zai yi rai ba. A jefa shi kwata kawai.»

Ƙaramin jikan, ɗan aji huɗu, ya ɗauke shi a tafin hannu. Ya ce: «Kaka, don Allah ki bar mini shi. Idonsa garau yake, kuma yana neman abinci.»

Tsohuwa ta yi dariya ta ce: «To maigidana, na ba ka. Amma jinya ba wasa ba ce. Gobe ka bi yayanka ku kai shi wajen malamin dabbobi.»

Da gari ya waye suka sa shi cikin kwali, suka tafi. Malamin dabbobi ya taɓa ƙafafun a hankali. Ya ce babu karaya. Ya tambaye su inda ƴaƴan suka kwana. Da ya ji cikin roba ne, sai ya kaɗa kai, ya ce: «Santsi ne ya jawo. Kun yi kyau da kuka zo da wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.»

4. Me yake lalata ƙafar ɗan agwagwa?

Abubuwa huɗu ne suka fi jawo wannan ciwo.

Na farko, santsi. Ƙasusuwan sabon ƙyanƙyasa suna da taushi. Idan aka ajiye shi a kan roba ko leda ko takarda ko sumul ɗin siminti, ƙafafunsa za su yi ta zamewa har su baje.

Na biyu, rashin abinci mai gina jiki. Akwai wani sinadari da ake kira bitamin B3, ko niyasin. Ɗan agwagwa ya fi ɗan tsako bukatarsa. Idan tsakin masara kaɗai yake ci, ba zai samu isasshe ba. Sai gwiwoyinsa su kumbura, ƙafafunsa su karkace.

Na uku, rauni. Akuya ko mutum yakan taka shi. Zare ko gashin kitso yakan nannaɗe masa ƙafa har jini ya daina gudu. Ƙusa ko fasasshiyar kwalba takan yanke masa tafi, wurin ya kumbura ya yi mugunya.

Na huɗu, mugun kamu. Yaro yakan fizgi agwagwa ta ƙafa, sai gaɓa ta goce. Ba a kama agwagwa ta ƙafa. Da hannu biyu ake tallafe ta, a haɗa fukafukanta da jikinta.

5. Yadda ake jinya

Malamin dabbobi ya koya wa yaron abubuwa shida.

Dabaibayi. A yanki siririn ƙyalle mai laushi. A ɗaura shi a ƙwaurin ƙafa ɗaya, sannan a ɗaura a ɗayan. A bar tazara tsakanin ƙafafun daidai faɗin jikin ɗan agwagwan, yadda zai tsaya sosai, ya kuma iya ɗan takawa. Kada a matse. Kada a yi amfani da zare ko robar ɗaure kuɗi, don suna yanka fata. Kowace rana a kwance, a duba, a sake sabo. Idan ƙafar ta kumbura ko ta yi sanyi, ɗaurin ya yi tsanani.

Shimfiɗa. A sa tsohon tawul ko buhun algarara a cikin kwali, domin faratansa su sami abin kamawa. Idan ta jiƙe, a canja.

Ɗumi. Ɗan agwagwa da aka raba da uwarsa yana jin sanyi. A zuba ruwan ɗumi a kwalba, a rufe, a naɗe ta da tsumma, a ajiye a gefensa. A kawo masa ɗaya daga cikin ƴan'uwansa su zauna tare, don kaɗaici yana hana shi cin abinci.

Abinci. A haɗa tsaki da dusa da dakakken busasshen kifi da ɗan garin gyaɗa marar gishiri. A ƙara yankakken ganye, a jiƙa da ruwa. Amma a kula: gyaɗa ko masara mai funfuna guba ce, tana kashe ƴaƴan agwagi da sauri.

Ruwan sha. Agwagwa ba ta cin abinci sai da ruwa kusa. A zuba shi a murfi marar zurfi, a sa ƴan tsakuwoyi a ciki. Mai dabaibayi idan ya faɗa ruwa mai zurfi, ba zai iya fitowa ba.

Iyo. Sau ɗaya a rana a kwance dabaibayin, a sa shi a ruwa mai ɗan ɗumi na minti kaɗan. Ruwa yana ɗauke masa nauyin jiki, sai ya motsa ƙafafunsa su yi ƙarfi. Kada a bar shi shi kaɗai. Gashin ƙaramin ɗan agwagwa yana shan ruwa, ba kamar na babba ba. Da an fito da shi, a goge shi da tsumma, a sa shi inda yake da ɗumi.

Yaron ya bi waɗannan duka. Kafin ya tafi makaranta yakan canja shimfiɗa. Idan ya dawo, ya sa shi iyo. A kwana na biyu ɗan agwagwan ya tsaya, ya faɗi. A kwana na huɗu ya yi taku uku. A kwana na shida aka kwance dabaibayin, ya bi ƴan'uwansa da gudu. Tun daga ranar, tsohuwa ba ta ƙara zuba ƴaƴan agwagi cikin roba ba sai ta shimfiɗa buhu.

6. Idan ƙafar ba ta warke ba

Ba kowace ƙafa ce take miƙewa ba. Idan an makara, ko gaɓa ta goce, agwagwa takan girma da ɗingishi. Wata ma ba ta iya tsayuwa ko kaɗan. Duk da haka tana iya rayuwa idan ta sami mai kula da ita.

A ajiye mata abinci da ruwa dab da ita. A raba ta da toro da manyan agwagi, don kada su tattake ta. A riƙa canja mata shimfiɗa, saboda kwanciya cikin danshi tana sa gyambo a ƙirji. Wadda ba ta tsayuwa, a ɗaura ƙyalle a bakin kwando, a huda ramuka biyu na ƙafafu da ɗaya na kashi, a ɗora ta a kai ta huta na ɗan lokaci. Da rana a tsare ta daga shirwa da kare. Da dare a rufe ta saboda kyanwa da gafiya.

Idan akwai karaya ko mugunya, ko ta daina cin abinci, aikin ya wuce na yara. Sai a kai ta wajen malamin dabbobi. Kada a ba ta maganin mutane. A Kumasi akwai ofishin malaman dabbobi na gwamnati. A babbar jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah kuma ana koyar da likitancin dabbobi.

7. Hattara!

Ciwon ƙafa dabam, annoba dabam. Idan tsuntsu ɗaya ne yake ɗingishi, sauran suna lafiya, ana iya jinyarsa a gida. Amma idan kaji da agwagi da yawa suka kwanta lokaci ɗaya, suna mutuwa, kada yaro ya taɓa su. A gaya wa manya, su sanar da malaman dabbobi nan da nan. A shekarar 2006 murar tsuntsaye ta ɓulla a Nijeriya da Nijar. A Nijar, a jikin agwagin Magariya aka fara gano ta. A 2007 ta ɓulla a Gana. Wannan cuta tana iya kama mutum.

Ko tsuntsu lafiyayye ne, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi. Ba a sumbatarsa, ba a kwana da shi a shimfiɗa ɗaya.

Abin riƙewa

Gurgun ɗan agwagwa ba abin yarwa ba ne. A nemi dalilin ciwonsa, a fara jinya da wuri. Shimfiɗa marar santsi da abinci mai kyau suna hana ciwon tun kafin ya zo. Rigakafi ya fi magani.

Kalmomi: Hausa da Faransanci

agwagwa: le canard
ɗan agwagwa: le caneton
dinya: l'oie
ƙafar tsuntsu: la patte
gurgu: boiteux
dabaibayi: l'entrave
gyaɗa: l'arachide
funfuna: la moisissure
malamin dabbobi: le vétérinaire
murar tsuntsaye: la grippe aviaire

Tambayoyi

1. Me ya kai fatake Hausawa ƙasar Gana?
2. Mene ne ma'anar Zongo?
3. Me ya sa ƙafafun ɗan agwagwan suka baje?
4. Ku faɗi abubuwa huɗu da suke lalata ƙafar ɗan agwagwa.
5. Don me ba a yin dabaibayi da zare?
6. Yaya ake kama agwagwa?
7. Wane lokaci ne bai kamata yaro ya taɓa tsuntsu marar lafiya ba?
8. Me malamin dabbobi yake nufi da karin maganar da ya yi?

Aiki

a) Lissafi: agwagwa ta fara kwanci ran 1 ga watan Maris. Watan Maris kwana 31 ne. Wace rana za ta ƙyanƙyashe?
b) Ku nemo Kano da Salaga da Kumasi a taswira, ku ja layi tsakaninsu.
c) Ku zana ƙafar agwagwa da ta kaza, ku nuna bambancinsu.
d) Ku tambayi wata mai kiwo a unguwarku abin da take ba ƴaƴan agwagi, ku rubuta amsarta cikin jimla biyar.